Ba Da Kwangilar Gina Gida: Wa Zai Ɗauki Nauyin Tashin Farashi?

A cikin watan Fabrairun shekarar 2024 farashin buhun siminti mai nauyin kilo 50 ya haura Naira 10,000 a kasuwanni da dama na ƙasar nan, alhali kuwa watanni kaɗan kafin nan ana sayar da shi wajen Naira 5,000. Al'amarin ya yi tsanani har Ministan Ayyuka, David Umahi, ya kira manyan kamfanonin siminti, wato Dangote da BUA da Lafarge, zuwa wani taro a Abuja, inda aka amince buhu ya tsaya tsakanin Naira 7,000 da Naira 8,000. Cikin waɗanda wannan tashin gwauron zabo ya fi yi wa ɓarna akwai mutanen da suka riga suka ba da kwangilar gina gida ko gyara shi a kan wani tsayayyen kuɗi, suka biya kafin alƙalami, suna jiran ranar karɓar mabuɗi.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka, alal misali, gidan da ake ginawa zai ci buhu 600 na siminti. A farashin Naira 5,000 kuɗinsu Naira miliyan 3 ne, a farashin Naira 10,000 kuwa sun zama miliyan 6. Wannan ƙarin miliyan 3 tilas ya fito daga aljihun wani. In ba a faɗi tun farko aljihun wa zai fito ba, to, ɗayan abu uku ne zai auku: ko ɗan kwangila ya dawo yana neman ƙari, ko ya ajiye aikin ya yi layar zana, ko kuma ya yi shiru ya rage simintin da ke shiga kankare da bulo. Na ukun nan shi ne mafi muni, domin mai gida ba zai gan shi ba sai bayan shekaru, sa'ad da bango ya fara tsagewa.

Ba yau aka fara ba. Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP aka karya darajar Naira, harkar gini ta shiga wannan hali. A 1995 hauhawar farashi ta wuce kashi 70 cikin 100. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin Naira ga kasuwa a watan Yuni na wannan shekara, dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, kuma duk abin da ake shigowa da shi daga waje, daga wayar lantarki har tayil da kayan banɗaki, ya bi sahu. Gina gida aiki ne na watanni, wani lokaci shekaru. Farashin da aka yanka ranar da aka haƙa harsashi da wuya ya zama shi ne farashin ranar da za a ɗora rufi.

A ƙasar Hausa an daɗe da sanin jinga. Mai gida ya kira magini, su zagaya fili, a yi ciniki a gaban shaidu, a yi musafaha, shi ke nan. Tsarin ya yi aiki domin magina suna da shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Magina, kowa ya san gidan kowa, kuma kayan aikin, ƙasa da azara da makuba, ba su dogara da canjin kuɗin waje ba. Zariya har yau tana alfahari da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin a ƙarni na 19. Sai dai ɗan kasuwar da ke zaune a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, ko Fatakwal, wanda zai yi gini a inda yake ko kuma a garinsu mai nisan tafiyar yini guda, yana hulɗa ne da mutumin da bai san asalinsa ba, a kan kayan da farashinsu kan canja cikin mako guda. Cinikin baki ba ya iya ɗaukar wannan nauyi.

Hanyoyin da ake bi a ba da aikin gini ba su da yawa. Wani yakan sayi kayansa da kansa, ya ɗauki birkila da kafinta da mai ƙulla rodi da mai aikin famfo ɗaya bayan ɗaya. Wani yakan ba ɗan kwangila aikin hannu kawai, shi kuma ya riƙa kawo kaya. Wani kuwa yakan miƙa kome da kome ga babban ɗan kwangila, ya ce ya kawo masa mabuɗi. Mutane da yawa suna ɗaukar hanyar farko ita ce mafi araha, tun da babu ribar ɗan kwangila a ciki. A takarda haka ne. Amma ɗan kasuwar da zai bar shagonsa ya wuni yana ƙirga tifar yashi yana biyan farashi, ko da bai rubuta shi a littafi ba, kuma in rufi ya yi yoyo kafinta zai ce laifin birkila ne, birkila ya ce laifin wanda ya sayo kwano ne. Abin da mai gida ke saye da ribar da yake bar wa babban ɗan kwangila shi ne mutum guda da za a kama in aiki ya ɓaci. In yarjejeniyar ba ta ba da damar kama shi ba, an biya ribar a banza.

Kuskuren da aka fi yi yana faruwa ne tun kafin a ga ɗan kwangila, wato a kira shi ya faɗi kuɗin gida alhali babu cikakken zane. Mutum ya ce yana son ɗaki huɗu da falo biyu da zaure, 'yan kwangila uku su kawo farashi uku, ya zaɓi mafi ƙanƙanta. Ai ba gida ɗaya suka yi wa kuɗi ba. Wannan ya lissafa bulo mai inci 9, wancan mai inci 6, ɗaya ya sa kwano mai kauri, ɗaya ya sa wanda iskar farkon damina za ta naɗe. Kwatanta farashi ba ya yiwuwa sai in kowa ya cika takarda iri ɗaya, wato jadawalin ƙididdigar kaya da aiki wanda ƙwararren mai ƙididdigar gini yake fitarwa daga zanen akitek da na injiniya, inda ake nuna yawan kankare da nauyin rodi da faɗin bango da irin kowane kaya. Da wannan jadawali a hannu, mai gida zai ga a sarari inda mai arahar ya yi rangwame. Sau da yawa za a tarar ya tsallake wani sashe ne gaba ɗaya, kamar sokawe ko katanga, da niyyar kawo shi daga baya a matsayin ƙarin aiki, lokacin da mai gida ya riga ya shiga ba ya iya fita. Hausawa na cewa araha ba ta ado.

Dokar ƙasa ta tanadi hukumomin da ke rajistar waɗannan ƙwararru, kuma dukkansu sun daɗe. Ta masu zanen gine-gine, ARCON, an kafa ta da dokar soja ta 1969, ta injiniyoyi, COREN, da ta 1970, ta masu ƙididdigar gini, QSRBN, da ta 1986, sai ta magina, CORBON, da ta 1989. Duk wanda ya kira kansa injiniya yana da lambar rajista da hatimi, kuma ana iya tambayar hukumar. A wuraren gini na ƙasar nan kusan duk wanda ya sa hular kwano ya riƙe awo ana ce masa injiniya, shi ma ba ya musu. Rajistar kamfani a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, tana nuna kamfanin yana nan da sunayen masu shi, amma ba ta nuna ya iya gini ba. Shaidar da ta fi amfani ita ce gidan da ɗan kwangilar ya gama shekara uku ko huɗu da suka wuce, wanda ya sha damina ya sha rani. A je a duba bangonsa da silinsa, a tambayi mai shi a bayan idon ɗan kwangilar ko an gama a kan lokaci, da kuma nawa aka ƙara a kan kuɗin farko. Sabon fenti ba ya gaya wa mutum kome.

Akwai kuma takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, don haka takardar mallaka da izinin gwamna a kan cinikin fili su ne tushe. Bayan su sai izinin gini, wanda a Ikko hukumar LASPPPA ke bayarwa, LASBCA kuma ta sa ido a kan aikin, a Abuja Sashen Kula da Gine-gine ne, a Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA. Ɗan kwangilar da ya ce a fara kawai, shi ya san yadda zai yi da ma'aikata, yana caca ne da dukiyar wani, domin ranar da aka zo da jan fenti ko katafila gidan mai gida za a rushe.

Zuciyar yarjejeniyar dai ita ce batun farashi, kuma hanyar da manyan kwangiloli ke bi tana iya aiki a ƙaramin gida. Ana rubuta farashin manyan kayayyaki a ranar sa hannu: siminti, rodi, kwano, katako, man dizal. In farashin ɗaya daga cikinsu ya tashi, mai gida ya biya bambancin a kan rasit, ba tare da an ɗora riba a kan ƙarin ba. In ya sauka, a rage masa. Sharaɗin da ba a so a manta shi ne cewa ƙarin yana kan kayan da aka saya cikin wa'adin da aka tsara ne kawai. In ɗan kwangila ya yi jinkirin wata biyu da ganganci, farashi ya tashi a tsakani, wannan nasa ne. Wanda ya ƙi wannan tsari ya nace sai tsayayyen kuɗi, ya sani ɗan kwangila mai hankali zai cusa tsoron tashin farashi a cikin kuɗin tun farko, marar hankali kuwa zai karɓa ya gudu a tsakiya. A aikin da bai wuce wata biyu ko uku ba tsayayyen kuɗi yana da ma'ana. A aikin shekara guda, yaudarar kai ne.

Wasu 'yan kasuwa sukan kare kansu ta hanyar sayen kaya tun da wuri, kuma a wajen rodi da kwano da tayil dabara ce mai kyau in akwai wurin ajiya da maigadi amintacce. Siminti kuwa ba ya jure ajiya. Yana shan laimar iska ya dunƙule, musamman a garuruwan bakin teku, kuma bayan kamar wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa. Wanda ya tara buhu ɗari biyar a ɗaki don gudun tsada yana iya wayar gari da duwatsu.

Batun kafin alƙalami shi ne inda aka fi kuka. Gwamnatin tarayya da kanta, a dokar ba da kwangila ta 2007, ta ƙayyade shi a kan kashi 15 cikin 100, kuma sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga iyakar zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida. Waɗannan dokoki ba su shafi mai gina gidan kansa ba, amma abin lura ne cewa ɗan kasuwar da ba zai ba da buhun shinkafa goma bashi ba sai da mai tsaya wa, shi ne zai ɗauki rabin kuɗin gida ya miƙa wa mutumin da ya sani ta bakin aboki. Da zarar kuɗin da ke hannun ɗan kwangila ya fi aikin da ke ƙasa, ƙarfi ya koma wurinsa. Ba lallai ne ya zama ɓarawo ba. Abin da aka fi gani shi ne ya ɗauki kuɗin wannan aiki ya toshe ramin wani aikin da ya bari a baya, yana sa ran kuɗin aiki na gaba ya toshe wannan. Ranar da sabon aiki bai zo ba, sai a bar wani da kango.

Maganin abin shi ne biya bisa mataki: kaso kaza in an gama harsashi da daɓen ƙasa, kaso kaza in bango ya kai linta, kaza in an rufa, kaza in an yi shafe da wayarin da famfo, sauran a ƙarshe. Kuma kafin kowane biya wani ƙwararre wanda mai gida ke biya da kansa, ba yaron ɗan kwangila ba, ya duba ya sa hannu. Ladan wannan mutum kaɗan ne in an kwatanta da kuɗin ginin, amma shi ne kuɗin da mutane suka fi jin ƙyashin fitarwa.

Dalilin muhimmancinsa shi ne mafi tsadar sassan gini ɓoyayyu ne. Da zarar an zuba kankare, ba mai iya ganin rodi nawa ke ciki. Akwai abubuwan da ko mai gida da kansa zai iya aunawa. Rodi mai kaurin milimita 12, in cikakke ne mai tsawon mita 12, nauyinsa ya kusa kilo 10.7, wato kimanin sanda 94 a tan guda. Mai milimita 16 kuwa wajen kilo 19 ne, kimanin sanda 53 a tan. In aka ɗora sanda a sikeli ta gaza haka sosai, an sayar wa mutum sirara da sunan mai kauri. Haɗin kankare da aka saba da shi a ƙananan gidaje shi ne ɗaya, biyu, huɗu, wato buhun siminti guda, wanda ke cika kwanon sarki biyu, a kan kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, sai fa in injiniya ya rubuta wani haɗin. Kankare yana bukatar a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, kuma sai kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Leburan da ke gaggawar cire katakon da ke tokare da rufin kankare don a kai shi wani wurin aiki suna wasa da rayuka. Bulo kuma a tambayi mai buga shi guda nawa yake fitarwa a buhu, domin a nan ribarsa take. Wanda yake marmashewa a hannu, ko ya farfashe tun wajen sauke shi daga mota, bai cancanci ɗaukar nauyin bene ba.

Ƙasar da za a yi gini a kanta ma tana shiga lissafi. Harsashin da ya isa a tsandaurin Kano ba zai yi ba a fadamun Lekki da Ajah, inda sau da yawa sai an shimfiɗa kankare a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya ko an kafa turaku masu zurfi. A wasu sassan Barno kuma akwai baƙar ƙasar firgi, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Ɗan kwangilar da ya yanka kuɗin harsashi bai sa an gwada ƙasa ba, kintace ya yi.

Ƙasar nan ta ga sakamakon sakaci. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu, har da mai ginin. A ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makaranta ya faɗo wa ɗalibai a Jos, mutum 22 suka rasu. An fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006, amma aiki da shi ya dogara ga jihohi, kuma ma'aikatan duba gini ba su kai yawan gine-ginen da ke tashi ba. Saboda haka a ƙananan gidaje, mai dubawar da mai gida ya ɗauka shi ne sau da yawa kaɗai idon da zai ga rodi kafin a binne shi.

Gyaran tsohon gida ya fi sabon gini wuyar yanka wa kuɗi, domin ba wanda ya san abin da ke bayan shafe sai an fasa. A kan buɗe silin don canja kwano a tarar gara ta cinye katako, ko a tono banɗaki a ga bututun ƙarfe ya ruɓe. Yarjejeniyar gyara tana bukatar a ware wani kuɗi na ko-ta-kwana wanda ba za a taɓa ba sai da rubutaccen izinin mai gida, kuma kowane ƙarin aiki a yi masa kuɗi kafin a fara shi. Abu biyu ne suka fi haɗari a nan, dukkansu kuwa 'yan kasuwa ke yawan yin su. Na farko fasa bangon gaba don a fitar da shaguna, ba tare da an san ko bangon yana ɗauke da nauyin rufi ba. Na biyu ɗora bene a kan gidan da aka yi wa harsashin hawa ɗaya. Birkila zai ce zai ɗauka, domin aiki yake nema. Injiniyan gini ne kaɗai zai iya faɗa, bayan ya tono ya ga harsashin, kuma irin wannan canji yana bukatar sabon izini daga hukuma. Gidajen ƙasa na cikin birane suna da tasu matsalar: shafen siminti a kan bangon ƙasa yakan tsare laima a ciki, bangon ya riƙa lalacewa a ɓoye alhali fuskarsa na sheƙi.

Ga wanda ke kudu yana gini a gida, al'ada ita ce a wakilta ƙane ko ɗan'uwa. Amana tana da kyau, amma ɗan'uwa bai san bambancin rodi mai milimita 10 da mai 12 ba, kuma in kuɗi ya salwanta a hannunsa zumunci zai hana a yi magana. Ya fi sauƙi a raba aikin: ɗan'uwa ya zama ido, ƙwararre ya auna, kuɗi kuma ya bi ta banki kai tsaye zuwa asusun kamfanin, domin takardar banki shaida ce da ba ta mantuwa. Haka nan yarjejeniyar ta faɗi tarar da ɗan kwangila zai biya a kan kowane mako na jinkiri, da wanda ke da alhaki in lebura ya ji rauni, da inda za a kai ƙara. Shari'ar kotu kan ɗauki shekaru, ginin kuma yana tsaye ruwa na dukansa. Dokar Sasantawa ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ba da damar ɓangarorin biyu su zaɓi mai raba gardama tun a cikin takarda, kuma Ikko tana da cibiyar sasanci a babbar kotunta tun 2002, Abuja da Kano su ma suna da irinta.

Biya na ƙarshe ma ba a yin sa gaba ɗaya. A al'adar kwangilolin gini ana riƙe wani kaso, galibi 5 cikin 100 na kuɗin aikin, a saki rabinsa ranar karɓar gida, sauran kuma bayan wa'adin gyaran aibi, wanda yawanci wata shida ne. Gidan da aka karɓa a Kano ko Sakkwato a watan Nuwamba, wata shidansa za su ƙare a watan Mayu, kafin ruwa ya kankama, wato rufin da magudanan ruwa ba su fuskanci gwaji ba ɗan kwangila zai karɓi cikon kuɗinsa. Don haka ya kyautu a rubuta cewa wa'adin zai kai har ƙarshen damina ta farko, ko da hakan ya sa ya zama wata goma ko shekara guda.